"Ai Mesa Ba Ta da Dafi": Maganar da Ta Ishe Ni

Na gaji da bidiyon nan da ke yawo a wayoyi: Bature ya rataya mesa a wuya, ko jaririya na jan wutsiyarta a tsakar ɗaki, mutane na ta cewa ai ba komai, ba ta da dafi, in ka raine ta tun tana ƙarama ta zama 'yar gida. Su kansu Amurkawan da ke kiwonta sun yi shekara da shekaru suna kai ruwa rana a kan a hana ko a bari.

Gaskiya ne ba ta da dafi. To me za ta yi da shi? Cafka take da baki, ta nannaɗe, ta matse. Da ana zaton numfashi take toshewa, sai wani bincike na 2015 ya nuna jini take tsayarwa, zuciya ta kasa turawa, nan da nan abin da ta kama ya suma.

Zancen sabo kuwa, maciji yakan daina tsoron hannunka, amma bai san ubangida ba. Ɗumin jiki da wari yake bi, in yunwa ta zo ba ya tuna wa ya raine shi. A 2009, a jihar Fulorida, wata mesar ƙasar Bama da ake kiwo ta sulale daga akwatinta da dare ta kashe yarinya 'yar shekara 2 a gadonta. Kotu ta ɗaure uwar da saurayinta shekara 12. A 2013, a garin Campbellton na Kanada, wa da ƙane, masu shekara 6 da 4, sun je kwana gidan abokinsu a saman shagon dabbobi. Mesar Afirka, irin wadda ke fadamunmu, ta bi ta bututun iska ta faɗo daga rufi. Ko ɗaya bai wayi gari ba. Cikin yaran nan uku wa ya sayi maciji? Babba ya yi sha'awarsa, yaro ya biya da ransa.

Masu kiwo na cewa karnuka sun fi macizan kashe mutane a Amurka, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai 'yar mesar da ka saya a tafin hannu, cikin 'yan shekaru ta fi ƙarfinka, tana neman zomo sukutum, kuma za ta iya wuce shekara 20 a raye. Wanda ya gaji sai ya kai ta daji ya saki. Irin wannan na cikin abin da ya cika fadamar Everglades ta Fulorida da mesar Bama. Binciken 2012 ya gano wasu ƙananan dabbobin wurin sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, zomaye kuwa an daina ganinsu. A 2023 an kama mesar da ta kai ƙafa 19.

A 2012 gwamnatin Amurka ta haramta shigo da nau'i huɗu na manyan macizai, har da mesar Bama da ta Afirka, ta ƙara wasu a 2015. Ƙungiyar masu kiwo ta kai ƙara, a 2017 kotu ta ce dokar ba ta hana ɗaukar su daga jiha zuwa jiha ba. Ni dai ina bayan hani.

Wanda ya riga ya ajiye, don Allah ya ji. Gidan da ke da yaro ba wurin mesa ba ne, ko da a keji. Kejin ya zama mai kwaɗo, a toshe kowace kafa, don inda kanta ya shiga jikinta zai bi. Kada a ɗauki babba sai da wani ƙaƙƙarfa a kusa, kada a ɗora ta a wuya don hoto. In ka taɓa kaza ko ɓera, wanke hannu kafin ka buɗe kejin. In ta naɗe mutum, ta wutsiya ake warware ta, ja da ƙarfi ƙara matsewa yake sa ta. Wanda ya gaji ya miƙa ta ga hukumar namun daji. A Fulorida ana karɓa ba tare da hukunci ba. Mu kuma nan, in gardi ya zo kasuwa da mesarsa ya ce a kawo yaro a rataya masa, ki riƙe hannun ɗanki ki wuce.