KIFI NA IYO, RUWA NA ƊAUKE DA LANTARKI

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, mutane da dama kan kiwata kifayen teku masu launi a cikin akwatin gilashi domin ƙawata falonsu. Wannan akwati ƙaramin teku ne da aka haɗa da hannu: ruwa mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, da famfo mai juya shi dare da rana, da hita mai riƙe ɗuminsa tsakanin digiri 24 da 27 na ma'aunin Salsiyas, sannan ga fitilu a sama. Duk da wutar lantarki suke aiki, wasunsu ma a nutse suke cikin ruwan. To, a nan haɗarin yake.

Gishiri Ne Ke Buɗe Hanya

Tataccen ruwa, wanda babu komai a narke cikinsa, da ƙyar lantarki ke ratsa shi. Amma da zarar gishiri ya narke, sai ya rabu gida biyu, wato sodiyam da kuloraid, kowanne ɗauke da caji. Waɗannan 'yan ƙwayoyi, da ake kira ayon, su ne ke safarar lantarki a cikin ruwa. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, shi ya yi wannan bayani a shekarar 1884, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1903. Saboda yawan ayon, ruwan teku ya fi ruwan sha ba lantarki hanya sau ɗari ko fiye.

Malami zai iya nuna wa ɗalibai haka da batir na tocila, da ƙaramin ƙwan fitila, da kofin ruwa. Idan aka tsoma bakin wayoyi biyu kusa da juna, ƙwan ba zai kama ba sai an zuba gishiri. Sai dai ba a taɓa yin wannan gwaji da wutar soket.

Lafiyar Kifi Ba Shaida Ba Ce

Hita kan tsage, robar waya kuma kan tsufa ta fashe, sai lantarki ya shiga ruwan. Abin mamaki, kifi zai iya ci gaba da iyonsa. Dalili kuwa, lantarki ba ya gudana sai ya sami cikakkiyar hanya, gilashi kuma ba ya ba shi hanyar zuwa ƙasa. Misalin kifin kamar na tsuntsu ne a kan wayar lantarki. Amma ranar da mai gida ya tsoma hannu, ƙafarsa na kan jiƙaƙƙen daɓe, to jikinsa ne ya cike hanyar.

Busasshiyar fata kan yi wa lantarki tirjiya har ta om 100,000. Idan ta jiƙe, tirjiyar kan sauko zuwa kimanin om 1,000. Bisa ƙa'idar da Georg Ohm ya fitar a 1827, ana raba ƙarfin wuta da tirjiya domin a sami yawan lantarkin da ke gudana. Wutar gida a Turai, kamar ta Nijeriya, bolt 230 ce. Ke nan miliamfiya 230 za ta ratsa jiki (miliamfiya ita ce kashi ɗaya cikin dubu na amfiya). Alhali kuwa mutum kan ji tsirawa tun daga miliamfiya 1; daga 10 zuwa 20 tsoka kan ƙame har ya kasa sakin abin da ya riƙe; daga 50 zuwa 100 kuwa bugun zuciya na iya rikicewa, wanda kan kai ga rasa rai.

Fiyus Ba Ya Ceton Mutum

Wasu kan ɗauka fiyus ɗin filogi zai kare su. Ba haka ba ne. Fiyus mai amfiya 13 ba ya tsinkewa sai lantarki ya haura miliamfiya 13,000. Aikinsa hana waya ƙonewa ne kurum.

Abin da ke ceton rai shi ne na'urar katse yoyon lantarki, wadda akan rubuta RCD a jikinta a Turai, ko GFCI a Amurka. Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ya ƙirƙiri irin ta Amurka a 1961. Na'urar tana auna lantarkin da ya fita da wanda ya dawo. In ta ga giɓin miliamfiya 30 (kimanin 5 a Amurka), ta san wani kaso ya bi wata hanya, sai ta katse wuta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Wasu kan tsoma sandar ƙarfen titaniyam da aka haɗa da wayar ƙasa a cikin akwatin, domin yoyo ya bi ta nan, na'urar ta katse tun hannu bai shiga ba. Amma sandar ba ta maye gurbin na'urar.

Matakan Kiyayewa

Na farko, a cire dukkan filogi kafin a tsoma hannu, kuma a cire su da busasshen hannu. Na biyu, a bar kowace waya ta lanƙwaso ƙasa da soket kafin ta hau zuwa gare shi, domin ruwan da ya biyo ta ya ɗiga ƙasa. Na uku, a ɗaga soket daga daɓe, nesa da fantsama. Na huɗu, a riƙa goge busasshen gishirin da ke taruwa a kan waya da fitila bayan an kashe wuta, domin yana jan laima, yana kuma cin ƙarfe. Na biyar, a danna maɓallin gwaji na na'urar katsewa a kai a kai. Hitar da ta tsage kuwa ba a gyara ta, sai dai a sake sabuwa.

Idan lantarki ya kama wani, kada a taɓa shi. A kashe babban makunni tukuna, ko a raba shi da wayar da busasshen katako, sannan a gaggauta kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin illar zuciya kan iya ɓoyewa.

Wannan darasi bai tsaya ga masu kifin ado ba. Duk inda ruwa da waya suka yi maƙwabtaka, ko a kicin ko a banɗaki ko a tafkin kiwon tarwaɗa mai famfo, lissafin ɗaya ne. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.