Tashi Zuwa Lambu a Bakin Gulbin Zamfara

Da zarar an tare gero da dawa an kai rumbu, gulbi kuma ya fara ja da baya, hankalin magidanta a ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi sai ya koma fadama. Gulbin Zamfara, wanda ya ratso waɗannan ƙasashe uku kafin ya faɗa Jihar Kebbi, yakan bar baƙar laka mai riƙe danshi a duk inda ya kwanta da damina. Nan babu madatsar ruwa irin ta Bakolori da ke can wajen Maradun da Talata Mafara, inda ruwa ke biyo magudanar siminti har bakin gona. Kowa da ƙarfinsa yake ɗebo nasa. Ga kuma birai da gafiya, ga shanun da ke gangarowa mashaya, ga ɗan hali mai shigowa da dare. Shi ya sa tun kaka da kakanni lambu mai nisa da gari ba a yi masa jeka-ka-dawo. Tashi ake yi a tare a can har a cire albasa.

Fadama ba ta da yawa, kuma ba kowa ya gaje ta ba. Wanda bai da ita sai ya nemi aro wajen dangi ko suruki, ko ya kama haya ta rani ɗaya, ko ya karɓi jingina wajen wanda aurar da ɗiya ya matsa wa. Idan an samu, babban fili na gandu ne, na cin gida da biyan bukatun kowa. A gefe kuma maigida yakan yanka wa kowane saurayi 'yan fangali nasa na gayauna, abin da ya fito ciki shi ne kuɗin tufarsa ta Sallah, wani lokaci har da na gaisuwar iyayen yarinya. Uwargida ma tana da nata, ko da ƙafarta ba za ta taka wurin ba. Ɗanta ko ƙanenta ke yi mata ban ruwa, kuma kwabo ba ya ciwon kai a lissafinta.

Shirin tafiya ya fi tafiyar kanta hidima. Kwana biyu ko uku kafin a tashi za a jawo amalanken shanu tsakar gida a dudduba shi: a ba taya iska, a shafa wa gindin ƙafa baƙin mai, a sake igiyar karkiya idan ta ci. Lodi kuwa yana da ƙa'ida, kuma dattijon gida ba ya barin yaro ya yi shi yadda ya ga dama. Dirkoki da dogayen itatuwa su ne a ƙasa. Bisansu a shimfiɗa zana da dammunan kara, sannan buhun dawa da garin kuka da daddawa da gishiri. Injin ban ruwa a tsakiya yake zama, an naɗe mesarsa an ɗaure, don kada nauyi ya rinjayi gefe guda a gangaren gulbi. Fartanya da galma da lauje a soke su ta gefe. Tulu da tukunyar ƙasa su ne na ƙarshe, a cusa su cikin tabarmi da tsummokara. Za ka ji tsoho yana faɗa daga inda yake zaune: "Kai, wanga yaro, aza tulun bisa, in ya hwashe da mi za mu sha ruwa?" Ita kuma uwar gida tana bin amalanken har bakin zaure da ƙullin fura da gidan sauro, tana cewa, "Malam, a dai riƙa lulluɓe yaran nan, sanyin gulbi ba shi da kyau."

Bukka yini ɗaya ake kafa ta. A nemi ɗan tudu inda raɓa ba ta kwanciya sosai, a haƙa ramuka a kafa dirkoki, a tanƙwaro kawunansu a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba, a zagaye da zana, a yi jinka da ciyawa. Ƙofa ba a sa ta ta fuskanci gabas, don ta nan iskar hunturu ke busowa. A ciki a ɗaura gadon kara, a waje a kafa murhu da duwatsu uku, a share wani wuri a jera masa duwatsu ya zama masallaci. Yanzu wasu kan yafa tampol ko leda a kai, ya fi sauri, amma duk wanda ya yi ƙailula ƙarƙashin leda a watan Maris ya san jinka ta fi ta mutunci. Irin wannan zama na wucin gadi ne asalin ƙauyuka da yawa a yankin: bukka ta zama ɗakin laka, wani ya biyo wani, har wurin ya zama tunga mai mai'unguwa.

Ba duk mutanen gida ke tashi ba. Matan aure masu ƙuruciya galibi suna gari, tsofaffi da 'yan mata ke kai da komo da ƙwaryar tuwo. Amma aikin lambu har cikin gida yake bin su. Lawashin albasa su ke kirɓa shi su dunƙula su shanya ya zama gabu. Tumatir idan ya yi kwantai su ke yanka shi a baza a rana ya zama kauɗa, a ɓoye sai damina lokacin da ɗanye ya yi tsada. Kuɓewa da tattasai ma haka. Albasar kuma da ba a so a sayar da arha sai a jera ta a rudu, iska na ratsa ta, ana jiran kasuwa ta motsa. Yaro a bukka kafin rani ya fita ya iya dashe, ya iya buɗe fangali da toshe shi da ƙafa, da dare kuma ya ja allonsa a bakin wuta.

Da can da jigo ake ban ruwa, mutum ya yini yana sunkuyo yana tashi da guga. Daga shekarun 1990, lokacin shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa, ƙananan injina da 'yan rijiyoyin burtsatse suka bazu, lambu ya faɗaɗa. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 sai lissafi ya rikice: wasu suka mayar da injinsu mai shan gas, masu hali suka sayi na hasken rana, wasu suka rage fili.

Abin da ya fi tsadar man fetur karya wannan al'ada shi ne rashin samari da rashin tsaro. Haƙar zinariya ta ja matasa daga fadama, ta kuma kawo gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, saboda a tsakar gida ake niƙa dutsen zinariyar. Sai kuma 'yan bindiga, masu ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a shiga gona. Bayan hare-haren watan Janairun 2022 a ƙasar Anka da Bukkuyum, mai hankali ba ya kwana da 'ya'yansa a fili. Iyalai da dama da suka saba kafa bukka don ganin dama, yau a cikin garin Anka suke kafa ta leda da buhu, a matsayin 'yan gudun hijira.

Lambun da ke gindin gari kawai ake iya riƙewa, shi ya sa hayarsa ta yi tsada. Amalanke ya fita bayan asuba da inji, ya dawo da shi kafin la'asar sakaliya, gobe a sake lodi. Bukkar da ake kafawa yanzu ba ta da gado, rumfa ce ta shan inuwa da cin abincin rana.