Zanen Fuskar Gida: Me Ya Sa Wasu Layuka Suke Dusashewa?

A da, idan mutumin Hamdara ko Mirriya zai ɗora ɗaki, magini yake kira, a zagaya fili, a ja layi da ƙafa a ƙasa, a fara kwaɓa. Yau kuwa mai niyyar gina shago, makaranta ko gidan bene yakan je Damagaram wurin mai zanen gini, ya dawo da takardun da aka fitar daga kwamfuta. A cikinsu akwai wadda ke nuna gidan kamar mutum yana tsaye a bakin titi yana kallonsa, wato zanen fuska. Mutane da dama kan lura cewa wani sashe na zanen baƙi ne wuluk, wani kuma ya yi fari-fari, sai su ɗauka tawada ce ta ƙare. Alhali da gangan aka yi shi haka.

Dalilin yana cikin yadda ake yin zanen. Idon mutum yana ganin abin da ke nesa ƙarami, na kusa babba. Zanen fuska bai san da wannan ba. Ƙa'idarsa, wadda masanin lissafin Faransa Gaspard Monge ya tsara a littafinsa na 1799, ita ce kowane bango ya fito da ainihin tsawonsa bisa ma'auni guda, ko yana bakin titi ko yana ƙuryar gida. Amfanin haka shi ne ana iya aunawa. Illarsa kuma, komai yakan manne da juna, a rasa na gaba da na baya.

Tsarin gidajenmu ya ƙara tsananta matsalar. Duk wanda ya ratsa unguwar Birni a Damagaram, inda fadar Sarki take tun ƙarni na 19, ya san cewa gidan Bahaushe hawa-hawa yake shiga ciki: zaure a gaba da zankwayensa da adon da magina suka ƙawata ƙofarsa da shi, sai farfajiya, sai shigifa, sai ɗakunan iyali. Irin wannan gini na daga cikin abin da ya sa a 2006 Nijar ta saka tsohon birnin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. To idan aka zana irin wannan gida da layuka masu kauri ɗaya, zankon zaure da na soron da ke can ciki za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, har magini ya zaci jikin bango guda suke.

Maganin da masu zane suka samo ya yi kama da abin da muke gani kowane hunturu. Idan hazo ya sauka, dutsen da ke kusa da kai yakan fito sarai, na bayansa ya yi toka-toka, na can nesa ya kusa ɓacewa. Kafin zuwan kwamfuta, da alƙaluma ake kwaikwayon haka: mai bakin milimita 0.7 ko 0.5 don bangon gaba, 0.35 don na tsakiya, 0.18 don na baya.

Manhajojin yau ba layi kawai suke ja ba, gidan suke ginawa sukutum a cikin kwamfuta, don haka sun san nisan kowane bango daga inda mai kallo yake. Kamfanin Autodesk ya sa wannan dabara a manhajarsa ta Revit tun daga sigarta ta 2017: mai zane yakan zaɓi inda dusashewar za ta fara, da inda za ta ƙare, da iyakar haskenta. A Archicad, na kamfanin Graphisoft na ƙasar Hungary, ana shata iyaka, duk abin da ya wuce ta a ba shi siririn alƙalami ko launin toka. SketchUp kuwa hazon ne kansa yake zubawa a kan ginin.

Sai dai abin yana son hattara. Toka-tokan da ya yi kyau a fuskar kwamfuta yakan ɓace idan aka buga shi da injin da tawadarsa ta yi rauni, balle a ce an yi masa fotokwafi sau biyu, ko an ɗauki hotonsa da waya an tura wa magini ta WhatsApp. A haka tagar ɗakin baya ko indararon da zai zubar da ruwan damina zai salwanta daga takarda, kuma abin da magini bai gani ba ba zai gina ba. Haka nan dusashewa tana nuna cewa abu yana baya ne kawai, ba ta faɗin ko mita 2 ne ko 10. Wannan sai an duba zanen shimfiɗar gidan, inda aka rubuta awo da lambobi.

Saboda haka, mai gida, kada ka karɓi zanen fuska shi kaɗai. Ka nemi na shimfiɗa, ka ajiye su gefe da gefe, ka sa mai zanen ya nuna maka kowane sashe mai haske a ina yake a fili. Ku kuma masu zane, ku gwada bugawa a takarda kafin ku miƙa aiki, kada ku dusasar da abin da za a gina a wannan kwangilar. Gyaran layi a kwamfuta minti kaɗan ne, amma rushe bangon da aka riga aka ɗora asarar siminti ce da kuɗin leburori.