Binciken Zuciya da Dare a Addu'ar Kirista: Ma'anarsa da Matsalar Fassararsa

1.0 Gabatarwa

Garin Guéné yana cikin gundumar Malanville a arewacin Jamhuriyar Benin, a kan hanyar da ta taso daga Kandi zuwa gadar Kogin Kwara da ake tsallakawa a shiga Gaya ta Nijar. Musulmi ne suka fi yawa a yankin, amma akwai Kiristoci, kuma 'yan Katolika na nan suna ƙarƙashin dayosis na Kandi wanda aka kafa a 1997. Faransanci shi ne harshen hukuma, amma Dendanci da Hausa su ne na kasuwa. Don haka duk mai koyar da addini a irin wannan wuri sai ya yi fama da fassara. Wannan takarda za ta duba wata addu'a ta dare da ake kira "examen" da Latinanci, da kuma kalmar da ta dace da ita a Hausa.

2.0 Asali

Wanda ya tsara addu'ar shi ne Ignatius na Loyola, wanda aka haifa a ƙasar Sifen a 1491. Soja ne shi, har harsashin igwa ya karya masa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521. A lokacin jinya ya lura cewa wasu tunane-tunane kan bar shi cikin ƙunci, wasu kuwa cikin natsuwa. Daga wannan lura ya fara rubuta littafinsa na horon ruhu a Manresa a 1522, wanda Paparoma Bulus na Uku ya amince da shi a 1548. 'Yan ƙungiyar Jesuit, wadda aka tabbatar a 1540, kan yi wannan addu'a sau biyu a yini, da tsakar rana da kuma kafin barci, kamar minti goma sha biyar kowace.

3.0 Matakai

Ignatius ya jera matakai biyar:

(a) Godiya ga Allah saboda alheran da aka samu.
(b) Roƙon haske domin mutum ya gane laifinsa.
(c) Bin diddigin yinin sa'a bayan sa'a tun daga tashi daga barci: tunani, sannan magana, sannan aiki.
(d) Neman gafara.
(e) Ƙudurin gyara, a rufe da Addu'ar Ubangiji.

A ɗauki misalin mai sayar da albasa a kasuwar Malanville. Da dare zai fara da tuna cewa ya tashi lafiya kuma kaya sun iso. Sannan ya bi yinin, ya tarar ya tsawata wa ɗan dako a gaban jama'a kan buhun da ba shi ya fasa ba. Sai ya nemi gafara, ya ƙudurta cewa gobe da safe zai nemi yaron ya ba shi haƙuri. Abin lura shi ne godiya ce ta zo farko. Wanda ya fara da lissafin laifi yakan kwana da ƙunci, ko ya gaji ya daina addu'ar baki ɗaya. Wannan ne ya sa wani Fada ɗan Amurka, George Aschenbrenner, ya rubuta maƙala a 1972 yana jan hankali cewa manufar ita ce gane inda Allah ya yi aiki a cikin yinin mutum, abin da ya fi ƙidayar zunubi faɗi.

4.0 Matsalar Fassara

Akwai kalmomi uku da mai fassara zai iya ɗauka. Ta farko "jarrabawa", wadda Faransancin "examen" ke saurin kawowa a zuciya. Ba ta dace ba, domin Bahaushe na jin ta sai ya tuna makaranta da ci ko faɗuwa. Ta biyu "hisabi", wadda ke ɗauke da nauyin Ranar Alƙiyama da tsoron hukunci, ta kuma bar godiya a waje. Sai dai saiwarta ta Larabci ita ce ta ba da "muhasaba", wato mutum ya yi wa kansa hisabi, al'adar da Musulmi suka sani tun daga Harisu al-Muhasibi wanda ya rasu a Bagadaza a 857, da Imam Gazali wanda ya rasu a 1111. Ambaton wannan kan taimaka wa maƙwabci Musulmi ya fahimci abin da Kirista ke yi, ko da yake aƙidun sun bambanta. Ta uku ita ce "binciken zuciya". A Hausa zuciya ita ce mazaunin tunani da niyya da fushi da farin ciki, kamar yadda ake gani a "farar zuciya" da "ɓacin zuciya". Ke nan ta ƙunshi matakan biyar duka.

5.0 Kammalawa

An ga asalin wannan addu'a da matakanta, an kuma nuna cewa "binciken zuciya" ta fi sauran dacewa. Ana so ɗalibi ya gwada kalmomin uku a kan masu jin Hausa na addinan biyu, ya rubuta abin da kowace ta fara kawo musu a rai.