Me Ya Sa Wasu Tsofaffin Motoci Suke da Ƙofa Biyu Kacal?

 Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mota a Kwanar Dangora zai lura cewa ba duk ƙananan motoci ne ke da ƙofa huɗu ba. Wasu ƙofa biyu gare su, ɗaya ta direba, ɗaya ta fasinja. Yawan ƙofofin mota yana nuna irin aikin da aka ƙera ta dominsa, kuma sanin hakan zai iya tsare rayuwarmu.

Kamfanoni sun yi motoci masu ƙofa biyu ne saboda dalilai guda biyu. Na farko, araha: ƙarancin ƙofa yana rage ƙarfe, gilashi da makullai. Na biyu, ƙarfi: kowace ƙofa rami ce a jikin mota, don haka idan ramukan sun ragu, gangar jikin ta fi ƙwari. Sai dai ƙofar takan fi tsawo, kuma dole a kwantar da kujerar gaba kafin na baya ya shiga ko ya fita.

Wadda iyayenmu suka fi tunawa ita ce Volkswagen Beetle ta ƙasar Jamus, mai doro kamar kunkuru. Ferdinand Porsche ne ya jagoranci zana ta a shekarun 1930, don talaka ya mallaki mota. Injinta a baya yake, but ɗinta a gaba. Ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya injin. An fara harhaɗa ta a Legas a 1975, kuma an ƙera ta ƙarshe a ƙasar Meziko a 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21.

Nau'i na biyu shi ne wanda Faransawa ke kira kufe, wato yankakke. Rufinsa gajere ne, ya zubo baya, kujerun baya kuma matsattsu. Mota ce ta kwalliya da gudu. Kamfanin Peugeot ya fitar da 504 irin wannan a 1969, da zanen kamfanin Pininfarina na Italiya, har ta ci gasar tseren Safari a Kenya a 1978. Amma 504 da aka saba gani a nan, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975, mai ƙofa huɗu ce, domin ita ta dace da mai iyali da mai haya.

Na uku shi ne mai gutsuren baya, irin Honda Civic ta 1972 da Golf ta 1974. Bayan ƙofofin gefe biyu, but ɗin yana buɗewa sama tare da gilashinsa, shi ya sa ake lissafa shi ƙofa ta uku.

Na huɗu ita ce a-kori-kura, kamar Peugeot 404 da 504. Gabanta ɗaki ne na mutum biyu ko uku, bayanta kuwa fili ne na buhunan masara, shinkafa da taki.

To ina ruwanmu da wannan bayani? Golf mai ƙofa biyu an yi ta ne don ƙaramin iyali. Idan aka cusa fasinja huɗu a bayanta aka kama hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, su ba su da ƙofar kansu. In hatsari ya faru ko wuta ta tashi, sai na gaba ya fita an kwantar da kujera tukuna. Haka bayan a-kori-kura: babu rufi, babu kujera, babu bel. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya watsar da waɗanda suka zauna kan kaya.

Mun san wani lokaci mota takan yi wuya, musamman ranar kasuwa ko ranar komawa makaranta. Duk da haka, kafin ka shiga, ƙirga ƙofofin, ka tambayi kanka ta ina za ka fita. In akwai zaɓi, ka jira mai ƙofa huɗu, ko da za ka ɗan makara. Allah Ya tsare mu a kan hanya, amin.