CIWON CIKI DA ATINI A MAKARANTUNMU

Sau da yawa malami yakan ga yaro yana yawan neman izinin fita bayan gida, yana ramewa, ga gyangyaɗi a aji. Iyaye kuwa sai su ce ai tsutsar ciki ce. Wani lokaci hakan ne, amma akwai waɗansu ƙananan halittu masu zama cikin hanji waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Likitoci suna kiransu furotozowa.

IRE-IRENSU

Uku ne suka fi addabar yara. Ta farko ita ce amiba, mai kawo atini, watau zawo da jini da majina. In aka yi sakaci takan bi jini ta kai hanta, ta tara mugunya. Ta biyu ita ce jiyardiya, mai kawo kumburin ciki da zawo mai ɗoyi, ta kuma hana hanji tsotse amfanin abinci. Wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, shi ya fara ganinta cikin madubinsa a 1681. Ta uku ita ce kiriftosforidiyam, wadda takan jawo zawo kamar ruwa, musamman ga ƙanana da marasa ƙarfin jiki.

YAWANSU

A ƙasashen da ruwan famfo da masai suka wadata, mutum 2 zuwa 5 cikin ɗari ke ɗauke da jiyardiya. A ƙasashe masu tasowa irin tamu kuwa, adadin yakan kai mutum 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma yara ne suka fi kamuwa. Bisa wannan lissafi, a aji mai yara 50 ba abin mamaki ba ne a sami 10 da ita. Abin lura shi ne, da yawa daga masu ɗauke da waɗannan halittu ba su jin ciwon kome, alhali suna zubar da ƙwayayensu duk lokacin da suka yi bahaya. Ƙwayayen nan suna da ɓawo mai tauri, suna iya yin makonni cikin ruwa ba su mutu ba, kuma guda 10 kaɗai na jiyardiya sun isa su sa wa mutum ciwo.

YADDA SUKE YAƊUWA

Hanyarsu ɗaya ce: daga bahaya zuwa baki. Binciken ruwa da tsabta na ƙasa na shekarar 2021 ya nuna mutum wajen miliyan 48 a Nijeriya suna bahaya a fili. Ko a Babban Birnin Tarayya, ruwan madatsar Usuma bai kai kowane gida ba. Ƙauyuka da yawa na Kuje, Kwali, Abaji da Gwagwalada da rijiya, rafi ko 'yan garuwa suka dogara. Da zarar damina ta sauka, ruwan sama yakan kwashe ƙazanta ya zuba a inda ake ɗiba. Ƙuda kuma yakan tashi daga juji ya sauka kan ƙosai da alewar da ake tallarsu a bakin makaranta.

Ganin haka ne Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsabta a 2018, ta kuma ƙaddamar da yaƙi da bahaya a fili a 2019. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da wannan ɗabi'a. Abin da Jigawa ta yi, kowace jiha tana iya yi.

MAGANIN TSUTSA BAI ISA BA

Lalle ne iyaye su gane cewa ƙwaya ɗaya da akan raba wa yara a makaranta don tsutsar ciki aka yi ta. Ba ta raba yaro da amiba. Saboda haka in zawo ya daɗe, ko aka ga jini, a kai yaron asibiti a auna bahayarsa, likita ya rubuta maganin da ya dace. Kada a sayi magani a hannun 'yan talla. Kafin a isa asibiti, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari, kada kuma a hana shi abinci.

ABIN DA ZA A YI

1. A tafasa ruwan sha sosai, a rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya. Sinadarin kulorin kaɗai ba ya kashe kiriftosforidiyam.
2. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga masai da kuma kafin cin abinci.
3. A yanke wa yara farce.
4. A wanke latas, tumatir da karas da ruwa mai tsabta.
5. A gina masai mai murfi nesa da rijiya, a zuba bahayar jarirai a ciki.
6. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye su tanadi masai da tulun wanke hannu, su sa masu talla su rufe abinci.

Jama'a, yaron da ciki ya dama ba ya riƙe karatu. Mu tuna, rigakafi ya fi magani.