Wasiƙar Fagen Fama: Yadda Ake Rubuta Ta a Wasan Kwaikwayon Tarihi

Daga nan Malisa nake muku magana, kuma shirin namu na yau na 'yan wasan kwaikwayon tarihi ne, musamman 'yan makaranta da matasan Gwandu da Kalgo masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen jihadi.

Sau da yawa za ka ga an yi ƙoƙari wajen rawani da takobi da kwari da baka. Amma da manzo ya durƙusa gaban sarkin yaƙi, sai ya zaro fallen littafin makaranta da rubutun biro. To, shi ke nan an ɓata rawa da tsalle. A Amurka, masu kwaikwayon yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 har wasiƙun sojoji suke rubutawa da irin alƙalamin wancan zamani. Mu kuwa da muka gaji gidan malamai, ai mun fi su hujjar kula da wannan.

Mu fara da harshe. Wasiƙun sarakunan daular Usmaniyya da Larabci ake rubuta su. Hausa da Fulfulde na ajami an fi amfani da su wajen waƙoƙi da wa'azi. Don haka shawarata, a rubuta takardar da Larabci ko ajami, mai karantawa ya faɗa wa 'yan kallo da Hausa. Hannun rubutun kuma ya zama irin na allo, na Warshu: ɗigon fa a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. Duk wani alaramma zai iya yi muku.

Sai kayan aiki. Alƙalamin kara ko na gamba, tawadar gawayi da ƙaro. Takarda a wancan lokaci tsada gare ta, domin fatake ne ke ketaro Sahara da ita, yawancinta ƙirar Italiya, mai tambarin jinjirin wata uku idan ka ɗaga ta a haske. Shi ya sa ba a ɓarnar ta. Ku nemi takarda marar layi, ku yi wasiƙar gajeriya, a naɗe ta a sa a gafaka.

Tsarin kuwa sananne ne. Bisimilla da salati, sai daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa, sai "bayan haka", sai a faɗi buƙata kai tsaye, a rufe da sallama. In ta sarki ce, a buga hatimi. Da yawansu ma ba su da kwanan wata, sauran bayani yana bakin manzo. In kun ce sai kun sa shekara, ku sa ta Hijira.

Yanzu ga inda aka fi yin tuntuɓe, wato sanin wa ke ina a wane lokaci. A ce kuna kwaikwayon yaƙin Alwasa na 1805, shekarar da aka ci Birnin Kebbi ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Kada manzonku ya ce zai kai saƙo fadar Sakkwato, domin sai a 1809 Muhammadu Bello ya gina birnin. A lokacin Shehu yana nan Gwandu. Haka kuma bayan an raba kula da daula, ƙasashen yamma da kudu irin su Nupe da Ilorin, Gwandu suke aiko da wasiƙunsu. Masu son ganin salo na asali, su duba musayar wasiƙu tsakanin Bello da Shehu Al-Kanemi na Barno a cikin Infaƙul Maisur, ko wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, waɗanda Backwell ya fassara ya buga a 1927.

Wani zai ce, wai duk wannan wahalar don wasa? Jama'a, takarda ba abin wasa ba ce. Lugga ya kafa hujjar yaƙar Sakkwato da wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, kuma har yau masana na jayayya a kan sahihancin fassarar tata. Yau abin ya fi sauƙin lalacewa: ka rubuta wasiƙar wasa, wani ya ɗauki hotonta, gobe ta zagaye WhatsApp a matsayin rubutun Malam Abdullahi da hannunsa.

Saboda haka nake roƙon abu biyu. Na farko, kada a ƙaga magana a jingina ta ga Shehu ko Malam Abdullahi ko Bello. In ƙirƙira za ku yi, ku sa ta a bakin wani barde marar suna da ke rubuto wa mahaifiyarsa ko malaminsa. Na biyu, a gefen kowace takarda a rubuta cewa ta wasan kwaikwayo ce, da shekarar da aka yi ta.

Wanda yake da tsohuwar wasiƙa a gidansu, ya adana ta nesa da laima da gara. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya bar zumunci.